Takalmin Ya Yi Masa Kaɗan

Ƙanena,

Na yi maka maganar riƙon yaron nan a zaure, ka ce a bari a sha shayi tukuna. Na yi maka ita a waya, ka ce layi ba kyau, ba ka ji sosai. To yau zan rubuta ta, kuma inda wasu za su gani, don na san irinka ba su da iyaka daga Jibiya har Maraɗi. Ba zan kama sunanka ba, ba zan kama na yaron ba. Kai dai ka san da kai nake.

Lahadin da ta wuce na biyo ta Magama. Manyan motoci sun yi jerin gwano suna jiran a duba takardunsu su tsallaka Ɗan Isa, rana ta take, kowa na neman inda zai raɓa. A ƙarƙashin wata tirela, cikin 'yar inuwar da ke tsakanin tayoyin baya, na hango yaron nan kwance yana barci, ya yi matashi da kwanon roba. Ƙafafunsa duk faso. Direba ya hau zai tayar da mota, sai da wani mai shayi ya daka masa tsawa sannan yaron mota ya durƙusa ya leƙa, ya jawo shi da ƙafa yana zaginsa. Bai ma yi kuka ba. Ya karkaɗe riga ya koma wata inuwar, alamar ya saba. Kakarsa na gefen titi da farantin gyaɗa. Yana ta rufe mata ido ɗaya, ta gane muryata kafin ta gane fuskata. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malam, Alhajin bai ce komai ba har yanzu?" Na tsaya kamar an dasa ni. Shekaruna sun wuce hamsin, ban taɓa jin kunyar da na ji a gaban tsohuwar nan ba, kuma kunyarka ce na ɗauka.

Ka san yadda suka zo. A watan Maris na 2022, da aka janye sojoji daga Shimfiɗa, mutanen garin suka kwararo Jibiya a ƙafa, aka zuba su a makarantar sakandaren 'yan mata. Yaron yana goye a bayan uwarsa. Ubansa tun kafin nan 'yan bindiga sun same shi a gona. Uwar ba ta ga ƙarshen daminar wannan shekarar ba, zazzaɓi ya ɗauke ta. Saura tsohuwa, ita kuma ba ta da ko kaza. Baffanninsa wasu sun mutu, wasu sun tsallaka iyaka cikin dubun-dubatar mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato da suka yi gudun hijira zuwa yankin Maraɗi tun 2019, kowa ta kansa yake yi. Tsohuwar nan da ƙafarta ta zo gidanka, don ta ji an ce gidan mutunci ne, kuma shekara goma sha uku a lokacin ba a ji kukan jariri a cikinsa ba. Ba ta roƙe ka kuɗi ba. Cewa ta yi ka riƙa mata jikanta kafin ƙasa ta rufe mata ido. Ka ce to. A gabana ka ce to, har ka ɗora shi a cinya, ya kama maka gemu. Sannan ka ce a ba ka mako biyu ka yi shawara.

Shekara uku ke nan kana shawara.

Maiɗakinka ba ta jira shawararka ba, don ita zuciyarta ta riga ta karɓa. Kashegari ta aika kasuwa aka sayo masa takalmi, 'yan ƙanana masu maɗauri, da riguna biyu. Da Sallar da ta wuce na shiga gaishe ta, ta buɗe akwati za ta ɗauko mini turare, na ga takalman nan a ledarsu, ko ƙura ba su taɓa ba. Ta lura na gani. Ta ce, "Yaya, ai yanzu ko babban yatsansa ba zai shiga ba." Ta mayar da murfin akwati, ba ta ƙara ko kalma ba. Matar nan ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ta je asibiti a Katsina, ta je Kano, ta jure habaicin dangi a kowane gidan suna. Abu ɗaya ta roƙe ka wanda yake hannunka, ka bar ta da leda a akwati.

Hujjarka ta farko ita ta fi ɓata mini rai, don ka jingina ta da addini. Ka ce wani malami ya gaya maka Musulunci ya hana ɗaukar ɗan wani. Ko dai ba ka saurara da kyau ba, ko ka saurari rabin da ya yi maka daɗi. Abin da aka hana a Suratul Ahzab, aya ta 4 da ta 5, shi ne ka shafe nasabar yaro, ka cire sunan ubansa ka liƙa masa naka, har ya zama magajinka kamar ɗan cikinka. Wannan shi ne tabanni, kuma ba wanda ya ce ka yi shi. Zaidu ɗan Harisa a gidan Manzon Allah (SAW) ya tashi, har ana kiransa ɗan Muhammadu. Da hukunci ya sauka sunan ubansa aka mayar masa, ba a kore shi daga gida ba, ba a rage masa ƙauna ba. Shi ya jagoranci runduna a Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, ya yi shahada a can, ɗansa Usama kuma ya taso cikin gatan gidan Annabi. Sayyidina Ali ma riƙo ne. Lokacin da fari ya matsa wa Makka, Abu Ɗalib ga iyali da yawa ga hannu babu, Annabi ya ɗauki Ali, Abbas ya ɗauki Ja'afar. 'Ya'yan Ummu Salama, waɗanda mu a nan za mu kira agololi mu taɓe baki, a ɗakinsa suka girma.

Shi kansa fiyayyen halitta fa? Bai ga mahaifinsa ba. Yana ɗan shekara shida mahaifiyarsa ta rasu, kakansa Abdulmuɗallibi ya riƙe shi, yana shekara takwas kakan ya rasu, baffansa ya karɓa. Kai da kake zama sahun gaba a wurin maulidi, sau nawa ka ji labarin matan Banu Sa'ad da suka zo Makka neman jariran shayarwa, kowacce ta ji maraya ne sai ta wuce, don ba uban da zai cika mata hannu? Duk shekara kana girgiza kai kana mamakin rashin rabonsu, kana yabon Halimatu. Ka tsaya ka duba da kyau, a labarin nan wane ne kai? Hadisin yatsu biyu kan mai riƙon maraya yaran Islamiyya ma sun haddace shi. Surar Ara'aita kana karanta ta a sallar Magariba. Ba ilimi ka rasa ba, ƙanena.

Sai ka koma batun muharramaka, wai yaro zai balaga a gida alhali maiɗakinka ba muharramarsa ba ce. A nan ne nake so ka ga abin da jinkirinka ya ci. Ranar da tsohuwar ta kawo shi bai cika shekara biyu ba, kuma ƙanwar matarka tana goyo a lokacin. A mazhabar Malikiyya da muke bi, nonon da ya isa cikin yaro a cikin shekara biyun farko yana haramta aure, ko da tsotsa ɗaya ce. Wannan yana cikin Risala, wadda ka karanta a zauren da na karanta. Da ƙanwar matarka ta shayar da shi, da matarka ta zama innarsa ta shayarwa, magana ta ƙare. Na gaya maka haka a lokacin. Ka ce ba a gaggawa. Yanzu wannan ƙofar ta rufe, kuma kai ka rufe ta da zamanka. Duk da haka ba a rasa hanya ba. Wane gidan Bahaushe ne babu ƙanin miji, ko ɗan 'yar'uwa, ko almajirin gida? In ya kai munzali a yi masa ɗaki a zaure, ita ta sa mayafinta, kamar yadda ake yi tun kaka da kakanni. Gado kuma ba ya ci, gaskiya ne. Amma shari'a ta ba ka damar yin wasiyya har sulusin dukiyarka ga wanda ba magaji ba, ta ba ka damar yin kyauta kana raye ka damƙa a gaban shaidu. Mai motoci biyu da rumbun hatsi ba zai ce ya rasa yadda zai bar wa maraya abin dogaro ba.

Da hujjojin littafi suka ƙare maka, sai na majalisa suka fito. Tsintacciyar mage ba ta mage. Ba a san irin jininsa ba. Za ka wahala ka raine shi, ya girma ya gudu wurin danginsa. Wani ma har ya ce maka yaran ƙauyukan daji ba a san wanda ya haɗa iri da ɓarayi ba. Wannan magana ta ƙarshe zalunci ce tsagwaronta. An kashe uban yaro, sannan a jingina wa yaron laifin waɗanda suka kashe shi? Ubansa manomi ne, an san shi, an san kakansa, dagacinsu yana raye. Ko da ma jaririn da aka tsinta a kwali ne bayan tasha, wane laifi ya yi? In kuwa tsoron ɓarayi ne ya dame ka, tambayi kanka daga ina daji yake samun sababbin hannuwa. Yaron da ya tashi ƙarƙashin tirela, kowa na jan sa da ƙafa, ba makaranta, ba mai ce masa zo ka ci, ranar da wani ya miƙa masa babur da bindiga ya kira shi da sunan girma, me zai riƙe shi? An yi sulhu a Jibiya a farkon 2025, hanyoyi sun ɗan buɗe, mutane sun koma gona, mun gode Allah. Sulhun bai dawo wa yaro ko ɗaya da ubansa ba.

Batun zai gudu wurin danginsa kuwa, kai ne bai kamata ka furta shi ba. Wa ya riƙe ka? Da aka kai ka yaye Maraɗi wurin Kawu, ba a dawo da kai ba sai da ka shekara goma sha ɗaya. Shi ya sa ka a makarantar allo, shi ya yi maka kaciya, shi ya koya maka awon gero da tiya, sana'ar da kake ci da ita yau. Ka dawo gidan ubanka, shin ka manta da shi? Da ya kwanta ciwon ajali wa ya kwana a kansa? Kai ne, kana kuka kamar ƙaramin yaro. Mu fa riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu da za a ce Turawa suka kawo. Ɗan fari ana kai wa kaka, gwaggon da ba ta haihu ba ana ba ta 'ya, aminai suna musayar 'ya'ya don zumunci ya ƙulla. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihinta daga bakinta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma riƙo ya cika mata ɗaki. Shi ya sa aka ce ɗa na kowa ne. Yau an bar karin maganar a baki, an rufe ƙofa da kwaɗo.

Hujja ɗaya na yarda tana da nauyi, ita ce ta hukuma. Kana zaune a bakin iyaka, kana ketarawa kusan kowane mako, kana tsoron ranar da jami'in shige da fice zai tare ka da yaro a mota ya ce ina shaidar naka ne. Tsoron yana da dalili. Hanyar nan ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta miƙe Agadas, masu safarar mutane sun daɗe suna bin ta, jami'an NAPTIP da na shige da fice kuma suna sa ido. Ba mu manta da yaran Kano tara da 'yan sanda suka gano a Onica a 2019 ba, an sace su an sayar an canza musu suna, har kotu ta yanke wa jagoran ɓarayin shekara 104 a 2021. Dole a tsananta. Amma tsanantawar don ɓarawo aka yi ta, ba don mai shiga ta ƙofa ba. Kakarsa tana da rai kuma ita ta nema. Akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai hakimi. Akwai sashen jin daɗin jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma, akwai kotu da za ta rubuta cewa yaro wane ɗan wane yana hannun wane bisa amana. Jihar Katsina tana da dokar kare yara tun 2020. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma, a sashe na 20, ta ambaci kafala da sunanta, Maroko kuma ta yi mata doka ta musamman a 2002. Duniya ta san irin riƙonmu. Kai da ka yi kwana huɗu kana zarya tsakanin ofisoshi don fitar da mota ɗaya ta masara, kai da ka jure rufe iyakar 2019 da ta 2023 ba ka bar kasuwa ba, yau takarda ce ta gagare ka? Sau nawa ka taka sakatariya kan maganar yaron nan? Ko sau ɗaya.

To bari in faɗi abin da kake ɓoyewa, tunda kai ba za ka faɗa ba. Kana ganin ranar da yaron nan ya shiga gidanka, ka yi wa gari shela cewa ka fid da rai da haihuwa. Kana tsoron a ce a majalisa, "Ashe dai daga wajensa ne." Shi ya sa ka bar maiɗakinka ita kaɗai tana zaryar asibiti, likita ya ce a zo da miji ka ce kana da tafiya Madarunfa. Shi ya sa kowace shekara kake ɗaga maganar ƙarin aure ka sauke, don kana tsoron abin da auren zai tona. Na san da ciwo. Ba na raina ciwon namijin da ya kai shekara arba'in da biyar ba a taɓa kiransa baba ba, na ga yadda kake kawar da kai in 'ya'yana suka rugo. Amma ciwonka bai ba ka izinin sa maraya da tsohuwa da matarka su biya kuɗin rufin asirinka ba. Kuma wa ya ce maka riƙo yana toshe rabo? Haihuwa ta Allah ce, in ya rubuta maka za ta zo ko da marayu goma a gidanka.

Ka duba inda irin wannan kunyar take kai mutane. A 2014 aka yi badaƙalar jarirai a Yamai, aka gurfanar da wasu manyan mutane da matansu bisa zargin sayo jarirai daga kudancin Najeriya ta hanyar Benin, mace ta dawo ta ce ita ta haifa, a yanka rago a raɗa suna. Duk don kada a ce wance juya ce, wane ba ya haihuwa. Wannan shi ne ainihin abin da Alƙur'ani ya hana, shafe nasaba, kuma tsoron bakin mutane ne yake kai wa gare shi. Riƙon da aka halatta, wanda ake yi da rana tsaka kowa na gani, shi muke jin nauyinsa. Mutanen majalisar da kake tsoro kuwa, ka san su na san su. Za su yi maganarka kwana bakwai, ranar ta takwas farashin taki ya ɗauke musu hankali. Ba ɗayansu da zai zauna da kai in tsufa ya zo gida ya yi shiru.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka, kuma da gaske nake. In har za ka ɗauke shi ne don ya zama ɗan aike, mai ɗebo ruwa, mai cin ƙanzo bayan kowa ya ƙoshi, wanda za a tuna masa asalinsa duk ranar da ya fasa kofi, to bar shi inda yake. Mun ga gidajen da 'yar riƙo ke yawon talla 'yar gida na makaranta, kuma irin waɗannan gidajen ne suka ɓata wa riƙo suna. In kuma ka san ba za ka iya ba sam, fito fili ka gaya wa tsohuwar nan, ta nemi wani. Akwai wata malamar firamare da ta nuna sha'awa bara, kakar ta ce a'a, ta riga ta ba Alhaji, ba ta magana biyu. Ka ji? Alkawarinka ya zame wa yaron nan ƙaya a hanya. Ba ka ɗauka ba, ka hana a ɗauka. Da ka ce a'a tun farko da yanzu yana aji ɗaya.

Kada ka sake ce mini kana istihara. Istihara ba ta shekara uku. Kada kuma ka aika musu da buhun gero ka ce ka fita haƙƙi. Gero za su ci su gode, amma ba shi tsohuwar ta roƙa ba.

Lahadi mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan baro Katsina da asuba. Na riga na yi magana da mai unguwa, ya ce yana gida bayan hantsi, kuma zai aika a kira wani baffan yaron da aka ce yana Ɗan Isa don ya zama shaida. Daga can mu wuce Magama wurin tsohuwa, Litinin mu shiga sakatariya. Ka gaya wa maiɗakinka ta shirya, da ita za mu. Ta taho da ɗan zare ta auna ƙafarsa, tunda Lahadi ranar kasuwa ce.